Kifin rijiya ya ga teku: abin da na gani a gidan kifayen Nausicaá

Ranar 8 ga watan Yunin 2025, wato ranar teku ta duniya wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita tun shekarar 2008, na ware rabin sa'a a cikin shirina na rediyo domin mu tattauna batun teku da halittun da ke cikinta. Ban kai ga rufe baki ba sai ga kiran wani dattijo daga wajejen Tasawa. Bayan mun gaisa sai ya ce: "Yaro, don Allah ina ruwanmu da teku, mu da ko gulbinmu ba ya kai rani da ruwa? Ku yi mana zancen kuɗin hatsi da na taki." Na ba shi haƙuri, na ce Baba ka yi gaskiya, amma lokaci ya ƙure ban ba shi amsar da ta gamsar da shi ba. Tun daga ranar maganar take cina, shi ya sa na ga ya dace in ɗauki alƙalami in ba shi amsa a nan, tare da duk mai irin tunaninsa, ta hanyar labarin wata ziyara da na taɓa kaiwa.

A shekarar 2022 na samu damar zuwa wani horo na ma'aikatan rediyo a arewacin ƙasar Faransa. A ƙarshen mako guda, ni da wani abokin aiki ɗan ƙasar Senegal, wanda mahaifinsa masunci ne, muka shiga jirgin ƙasa zuwa garin Boulogne-sur-Mer, babbar tashar masunta ta ƙasar, wadda ke bakin mashigin ruwan da ya raba Faransa da Ingila. A nan ne aka gina Nausicaá, wani katafaren gidan kifaye da aka buɗe a watan Mayun 1991. Masu iya magana suna kiran mutumin da bai taɓa fita ya ga duniya ba kifin rijiya. To ni a ranar kifin rijiya ne sosai, don kuwa ruwa mafi girma da na sani shi ne kogin Isa a Yamai da tafkin Madarunfa.

Ruwan bido dubu ɗari huɗu

A lokacin kuɗin shiga ya kusa euro 30, wato kusan jika 20 na sefa. Sai da na yi jim kafin in miƙa kuɗin, ina lissafin tiya nawa ta hatsi za su saya a gida. Amma da yake an ce gani ya kori ji, na biya muka shiga.

Gidan yana ɗauke da dabbobin ruwa kusan 58.000 na iri 1.600. Abin da ya fi jan jama'a shi ne babban tafkin da aka buɗe a shekarar 2018, mai tsawon mita 60, faɗin mita 35 da zurfin mita 8. Ruwan da ke cikinsa lita miliyon 10 ne. Don mai karatu ya gane, idan da bido mai lita 25 irin na ƴan ga-ruwa za a cika shi, sai an juye bido 400.000. Ana kallon cikinsa ta wani gilashi mai tsawon mita 20 da tsayin mita 5, kaurinsa kuwa santimita 38 ne domin ya jure nauyin ruwan. Akwai kuma wata hanya mai tsawon mita 18 da aka rufe da gilashi, mutum na tafiya kifaye na wucewa bisa kansa.

Da na tsaya gaban gilashin nan, na fi minti goma ban ce uffan ba, ni da sana'ata ita ce surutu. Dubban ƙananan kifaye suna juyawa tare kamar garken jan-baki bisa gonar gero. Kifayen shak, waɗanda ƴan lakwal suka sani da sunan "requin", suna ratsa su a hankali ba tare da gaggawa ba. Can sai ga wata halitta mai faɗi kamar an shimfiɗa babbar tabarma, tana kaɗa fukafukai kamar mikiya. Sunanta manta. Irinta kan kai faɗin mita 7 a cikin teku, amma duk girman nan ba ta cin komai sai ƴan mitsi-mitsin halittun da take tacewa daga ruwa. Tun shekarar 2020 ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu, UICN, ta sanya ta cikin jerin dabbobin da ke fuskantar ɓacewa, saboda ana kama ta ana sayar da sassan jikinta a kasuwannin Asiya, alhali ɗa guda take haifa bayan shekara biyu ko fiye.

An tsara wannan tafki ne bisa kamannin ruwan da ke kewaye da tsibirin Malpelo na ƙasar Kwalambiya, domin a nuna wa mai ziyara yadda rayuwa take a tsakiyar teku, nesa da gaɓar kowace ƙasa.

Murjanin da iyayenmu ke sawa

A wani ɓangaren na ga abin da ya ba ni kunya da dariya a lokaci guda. Tun ina yaro na san murjani a wuyan iyayenmu mata da cikin lefen amare, kuma na ɗauka dutse ne ake haƙowa. Ashe murjani dabba ce. Ƙananan halittu ne da ke zama tare, suna gina wa kansu gida mai tauri, kuma a tsawon ɗaruruwan shekaru gidajen su taru su zama tsaunuka a ƙarƙashin ruwa. Jan murjanin ado yana fitowa ne daga tekun Bahar Rum, waɗanda na gani a gidan kuwa danginsa ne na ruwan ɗumi, masu launi iri-iri.

Tsaunukan murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi 25 cikin 100 na ire-iren halittun teku a jikinsu suke samun abinci da mafaka. Abin da ke kashe su shi ne zafi. A cikin jikin murjani akwai wani ɗan tsiro da ke ba shi abinci da launi. Idan ruwa ya yi zafi fiye da ƙima na ƴan makonni, sai murjanin ya fitar da tsiron, ya yi fari fat, in zafin ya daɗe kuma ya mutu da yunwa. A watan Afrilun 2024 hukumar Amurka mai lura da teku da yanayi, NOAA, ta sanar cewa duniya ta shiga karo na huɗu na wannan annoba, bayan na 1998, na 2010 da wanda aka yi daga 2014 zuwa 2017. A Nausicaá ana yankar ƙananan rassan murjani ana renonsu kamar yadda ma'aikatan gandun daji ke renon dashen itace, domin kada a riƙa ɗebo shi daga teku.

Tsuntsun Afirka da ke mutuwa da yunwa

Wurin da yara suka fi cika shi ne na tsuntsayen fengwin. Da na ɗauka a ƙasashen ƙanƙara kawai ake samun su, sai na tarar waɗannan ƴan Afirka ne, daga gaɓar Afirka ta Kudu da Namibiya. Ba sa tashi sama, amma a cikin ruwa sai ka ce kibiya. A farkon ƙarni na 20 miliyoyi ne, yanzu fiye da kashi 90 cikin 100 sun ƙare, kuma a watan Oktoban 2024 UICN ta mayar da su matakin ƙarshe kafin ɓacewa daga daji. Babban dalili shi ne ƙarancin sardin da sauran ƙananan kifayen da suke ci, waɗanda jiragen masunta ke kwashewa.

A kan wannan tsuntsu ne aka ga amfanin ma'aikatan irin waɗannan gidaje. A watan Yunin 2000 wani jirgin ruwa mai suna Treasure ya nutse kusa da birnin Kap, mai ya malala, ya shafi fengwin kusan 19.000. Ƙungiyar SANCCOB ta can ƙasar, wadda aka kafa a 1968 domin ceton tsuntsayen teku, ta nemi taimako, sai ma'aikatan gidajen dabbobi da na kifaye daga ƙasashe da dama suka je, tare da dubban ƴan sa-kai. Aka wanke tsuntsayen ɗaya bayan ɗaya, aka ciyar da su da hannu, kuma kusan kashi 90 cikin 100 suka koma teku da rai. Wanda bai saba riƙe tsuntsun nan da ba shi abinci kullum ba, ba zai iya wannan aiki ba.

Inda gizo ke saƙa

Sai dai ba zan ɓoye wa mai karatu ɗaya gefen ba. Abokin tafiyata ɗan masunci bai yi murna kamar yadda na yi ba. Ya ce shi ya ga waɗannan kifaye a inda Allah ya ajiye su, kuma duk girman tafkin, ga kifin da ke tafiyar dubban kilomita kurkuku ne. Maganarsa tana da tushe, kuma shi kansa wannan gida ya taɓa shiga cikin irin wannan ce-ce-ku-ce.

Akwai wani shak mai kai kamar guduma. Gidan ya sayo guda 30 da aka kamo a ruwan Ostiraliya, kuma tsakanin 2011 da 2019 dukkansu suka mutu, na ƙarshe a watan Afrilun 2019. Ƙungiyar Sea Shepherd reshen Faransa ta kai ƙara kotu tana zargin an cutar da dabbobin. Masu gidan suka kare kansu da cewa manufarsu ita ce a san kifin, a nazarce shi, a kuma nuna wa jama'a irin kisan da ake yi wa danginsa a teku. Kisan kuwa gaskiya ne: wani bincike da aka buga a shekarar 2021 ya nuna cewa yawan shak da danginsa na tsakiyar teku ya ragu da kashi 71 cikin 100 tun daga 1970, galibi saboda kamun da ya wuce kima, har da masu yanke musu fiffike don miya su jefar da sauran jikin.

To a nan ne ya kamata mai ziyara ya buɗe ido. Gidan kifaye ba zai iya ajiye teku a cikin gilashi ba. Ko an tara dukan gidajen kifayen duniya, ba su kai ɗigo ba a kan ruwan da ya rufe kashi 71 cikin 100 na doron ƙasa. Akwai dabbobin da ke hayayyafa a cikinsu lafiya, kamar murjani da fengwin, akwai kuma waɗanda ba su jure tsarewa, kuma ya kamata a bar su inda suke. A ganina babban aikin gidan irin na lakwal ne: ya nuna wa mutum abin da ba zai taɓa gani da kansa ba, don ya fita da wani tunani dabam. Idan mutum ya biya kuɗinsa, ya ɗauki hoto, ya fita ya ci gaba da halinsa na da, to an tsare dabbobin nan a banza.

Amsar da nake bin Baba

Yanzu bari in koma ga tambayar dattijon Tasawa, don a gaban gilashin nan ne na fara haɗa amsarta.

Na farko, Baba, ruwan saman da kake jira ka yi shuka daga teku yake zuwa. Iskar damina tana tasowa ne daga tekun Atlantika ta wajen gaɓar Gine, ta ɗauko laima ta kawo mana. Masana sun nuna cewa canjin zafin ruwan teku yana cikin manyan dalilan farin da ya addabi Sahel a shekarun 1970 da 1980, wanda tsofaffinmu ba su manta da 1973 da 1984 ba. Teku ce kuma ke shanye kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da hayaƙin masana'antu da motoci ke jawowa, kuma ƙananan tsirran cikinta ne ke samar da kusan rabin iskar da ake shaƙa a duniya. Ke nan zancen teku zancen hatsi ne.

Na biyu, muna cin teku ko da ba mu gan ta ba. Kifin ƙanƙara da ake kawowa cikin kwali ana soyawa a bakin tasha, da sardin na gwangwani da ake sa wa burodi, duk daga can suke. Hukumar abinci ta duniya, FAO, ta ce a shekarar 1974 kashi 10 cikin 100 na garkunan kifin teku ne ake kamawa fiye da yadda suke hayayyafa, amma a 2021 abin ya kai kashi 37,7. A gaɓar Muritaniya, Senegal da Gambiya an kafa masana'antun da ke niƙa ƙananan kifaye su zama gari, a kai Turai da Asiya a ciyar da dabbobi da kifin kiwo. Wani rahoto da Greenpeace ta fitar tare da wata ƙungiya a 2021 ya ce fiye da ton 500.000 ake kwashewa haka kowace shekara. Abokina ya ce a garinsu kifin da a da ake ba almajiri kyauta, yau sai mai hali. Idan ya yi tsada a Dakar, ba zai yi araha a Maraɗi ba.

Na uku, mu ma muna aika wa teku namu saƙon. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa kusan ton miliyon 11 na roba da leda ke shiga teku kowace shekara, kuma koguna na cikin manyan hanyoyin da suke bi. Wani binciken masanan Jamus na 2017 ya sanya kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, cikin koguna 10 da suka fi ɗaukar wannan shara. Gulbin Maraɗi yana zuba ne a gulbin Rima, Rima ya haɗu da na Sakkwato, shi kuma ya faɗa Kwara har zuwa teku. Kunkurun teku yana ganin farar leda cikin ruwa ya ɗauka abincinsa ne ya haɗiye, ta toshe masa ciki. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu: duk mahaucin da ke yanka a kwata ya san irin ledar da ake fiddawa daga tumbin awaki da shanu. Ƙasarmu ta kafa doka tun watan Nuwamban 2014 wadda ta hana shigowa da irin wannan leda da sayar da ita, amma kowa ya leƙa magudanun ruwan unguwarsu ya ga inda dokar ta tsaya.

Na huɗu, muna da haƙƙi a can. Kusan kashi biyu cikin uku na teku ba mallakar kowace ƙasa ba ne. Yarjejeniyar dokar teku ta 1982, wadda Nijar ta amince da ita a 2013, ta ce wannan yanki a buɗe yake ga dukan ƙasashe, masu gaɓa da marasa gaɓa. A watan Yunin 2023 aka amince da wata sabuwar yarjejeniya ta kare halittun wannan yanki, a watan Satumban 2025 ƙasashen da suka tabbatar da ita suka cika 60, abin da ya ba ta damar soma aiki ranar 17 ga watan Janairun 2026. Wanda ke da gado a gona, ai bai kamata ya ce ba ruwansa da wanda ke sare itatuwan cikinta ba.

Har ma akwai abin da zai ba Baba mamaki. Shekaru miliyon 60 zuwa 70 da suka wuce, wani reshen teku ya ratsa ta inda jihar Tawa take a yau. Har yanzu ana tsintar haƙoran shak da ɓawon dodon-koɗi na teku a duwatsun Adar, kuma farin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza a ƙarƙashin wannan teku ya taru.

Namu gilashin

Ba kowa ne zai je Boulogne-sur-Mer ba, kuma ba na cewa a gina mana tafki mai lita miliyon 10 a ƙasar da mata ke kwana a layin famfo. Abin da na ɗauko daga can shi ne dabarar: mutum ba ya kare abin da bai sani ba. A ranar da muka je, na ga yara ƙanana da iyayensu suna tsayawa gaban kowane tafki ana karanta musu sunan kifin da inda yake rayuwa. Sai na tambayi kaina, yara nawa ne a Yamai suka taɓa ganin ayu, wanda ke cikin koginsu kuma yake ƙarewa? Nawa ne za su iya bambanta giwan ruwa da ragon ruwa, ko kurungu da tarwaɗa, in ba a cikin miya ba?

Mun riga mun ga abin da sani ke yi. Raƙuman dawa na Kure ba su wuce 50 ba a shekarar 1996. Da aka wayar da kan mutanen ƙauyukan, suka ga amfanin dabbar, aka daina kashe ta, kafin shekarar 2020 sun haura 600. Abin da aka yi wa raƙumin dawa ana iya yi wa kifin Tabalak da na Madarunfa da na tafkin Cadi. Malamin lakwal zai iya kai ɗalibansa bakin ruwa su zauna da Sarkin Ruwa ya nuna musu ire-iren kifi da lokacin da suke ƙwai. Gidan ajiye kayan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, wanda yara ke cika lokacin salla don kallon zaki da dorina, zai iya samun ɗaki guda na kifayen koginmu. Masunta su daina jan ruwa da gidan sauro, wanda ke kwashe har ƴaƴan kifin da ba su kai yatsa ba. Uwargida ta tafi kasuwa da kwandonta kamar yadda iyayenmu ke yi. Mu kuma ma'aikatan rediyo mu ba waɗannan batutuwa lokaci, ba sai ranar 8 ga watan Yuni kaɗai ba.

Da na dawo gida na nuna wa mahaifiyata hoton manta a wayata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce: "Ikon Allah! Wannan ma akwai mai iya kashe ta?" Na ce Inna, ana kashewa har ta kusa ƙarewa. Ta girgiza kai ta ce Allah ya shirya. Baba na Tasawa, idan wannan jarida ta iso hannunka ko wani ya karanta maka, ga amsata, kuma layin shirin a buɗe yake in kana da ƙari ko gyara. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.